Haƙorin Malam Ummaru

Likita Bushira ta leƙa bakin mutane ya fi a ƙirga. Ta duba na mahauta da direbobin Jega, ta duba na Fulanin da ke saukowa daga rugage, ta duba na tsofaffin Gumbin Kure da ba su taɓa hawa kujerar asibiti ba. Baki ɗaya ne ta roƙa a buɗe mata aka ƙi, shi ne na mahaifinta, Malam Ummaru manomin albasa na Kashin Zama, mutumin da ya tsaya tsayin daka sai da ta zama likitar haƙori. Haƙori ɗaya ne ya ruɓe masa, kuma a kansa ya sa ransa a caca. Duk wanda ya ce kada a ji haushi, bai san labarin ba ne.

Bushira 'yar fari ce. A gidansu wannan ba ƙaramar magana ba ce, don uwar Malam Ummaru Bafulatana ce, a nono ya sha kunya. Tun da aka haifi yarinyar bai taɓa kama sunanta ba. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce a kawo ruwa. In ta shigo zaure, nan take ya tuna akwai aikin da ya bari a waje. Ba ya cin abinci tana kallo, ba ya dariya tana wurin. Mutanen gari kuwa sai yabo, wai irin su Malam Ummaru sun ƙare. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ita ma ta sani. Amma son da ba ya iya kallon mutum ido da ido yana da ranar da zai yi ɓarna.

Abin da ya kai ta ga haƙori, mahaifiyarta ce, Inna Rakiya. Kusan duk haihuwa sai Inna ta yi asarar haƙori. A kira wanzami, ya zo da awartaki, mata biyu su danne ta a tabarma, Bushira ce mai riƙe kwanon jini. Tana aji biyu na sakandare aka yi na ƙarshe, haƙorin ya karye, saiwar ta zauna a ciki, Inna ta yi wata guda ba ta tauna tuwo ba. Tun daga ranar Bushira ta ƙudura abin da za ta karanta. Da maganar ta kai ga Malam Ummaru ta bakin Inna, washegari ya tafi Aliero ya tambayi wani malamin kimiyya me ake bukata, ya dawo ya faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Bushira. Haka suke magana, su uku, shekara da shekaru.

Akwai masu taɓe baki su ce, to cire haƙori ma sai an je jami'a? Irin waɗannan ya kamata a zaunar da su a karanta musu abin da yarinyar nan ta sha. Sai da ta ci ilimin halittu da kemistiri da fizik da lissafi da Turanci a zama ɗaya. Jarrabawar shiga jami'a sau uku ta zauna. Sau biyu ana ba ta wani fannin daban tana ƙi, dangi suna cewa taurin kai ne, ta karɓi abin da ya samu mana. A karo na uku ta samu gurbi a wata jami'a mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Shekara shida aka rubuta a takarda. Da yajin aikin malamai da kullen annoba, takwas ta yi cur.

Shekarun farko tare da masu karatun likitan jiki aka haɗa su, ba a rage musu komai ba. Ita da ba ta iya kallon yankan rago, ta tsaya a kan gawar mutum wata da watanni, tana bin jijiyoyin kai da wuya ɗaya bayan ɗaya, hancinta na ƙuna da warin magani. A can ta ga hanyar da mugunya ke bi in turmin haƙorin ƙasa ya ruɓe aka ƙyale shi: ta huda ƙashi, ta gangara ƙarƙashin harshe, ta cika wuya, ta toshe numfashi. Ta zana hanyar nan a jarrabawa, ta ci maki mai kyau. Daga nan aka ba su kaki da 'yar wuƙa, aka ce kowa ya sassaƙa haƙora talatin da biyu, kowanne da kamanninsa. Akwai wani malami da in ka kawo masa aikin kwana uku bai yi masa ba, sai ya murƙushe shi da babban yatsa ya miƙo maka, ko kallonka ba zai yi ba. Bayan kaki aka koma kan mutum na roba, ana koyon huda da cikewa, hannu ɗaya da madubi, baya a sunkuye har sai ya ƙage.

A shekara ta huɗu aka ce kowane ɗalibi ya nemo haƙoran mutane na gaske, waɗanda aka riga aka cire, don roba ba ta koya wa hannu taurin haƙori. 'Yan birni suka bi asibitocin da suke da sanayya. Bushira ba ta da kowa, sai ta faɗa wa Inna a waya tana kuka. Malam Ummaru ya ɗauki gwangwanin madara ya hau babur. Ya bi wanzaman Aliero, ya je Maiyama, ya shiga har Sarandosa, yana roƙon haƙoran da aka cire. Kan ka ce kwabo magana ta zaga cewa Malam Ummaru ya shiga tsafi, da haƙoran mutane yake sa albasarsa girma. Wasu suka daina ba shi hannu a masallaci. Ko gezau bai yi ba. Da gwangwani ya cika, bai kai mata da kansa ba, ƙaninta Aminullahi ya ba ya kai tasha. A wannan yawon ne ya san Murtala, mai maganin haƙori a kasuwar Jega, wanda ya fi kowa ba shi haƙora da yawa. Da ma bai san shi ba.

Sauran shekarun a asibitin koyarwa ta yi su. Ba a barin ɗalibi ya shiga jarrabawar ƙarshe sai ya cire haƙora kaza, ya cike kaza, ya ƙera na roba kaza, kowanne da sa hannun babban likita. Ta gama, ta yi rantsuwa, ta yi shekara guda a ƙarƙashin manya, aka ba ta cikakken lasisi, sannan ta yi bautar ƙasa. Daga gama sakandare zuwa ranar, shekara goma sha uku ke nan. Aka tura ta wani asibiti a Jega, ta yi aure a garin. Malam Ummaru ya zama mai tallarta ba da saninta ba. Duk wanda ya gani ya dafe kunci sai ya ce masa, "Tahi Jega, akwai likitar haƙori can, ta iya." Ba zai ce ɗiyarsa ce ba, kamar akwai wanda bai sani ba.

Cikin bazarar bara, ana tsakiyar cirar albasa, Inna ta kira ta. Ta ce kwana huɗu ke nan Malam ba ya tauna da gefen hagu, fura kawai yake sha, kuma ya hana a faɗa. Bushira ta tashi daga aiki ta ɗauki jakarta, Aminullahi ya kai ta a babur. Ta same shi a zaure ya naɗe haɓa da rawani a wannan zafin. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon Inna.

"Baba, Inna ta ce haƙori na damunka. Ka bari in duba."

"Hwaɗa mata ba komi," ya ce da Inna. "Sanyi na."

"Baba, dubawa kawai za ni yi. Ko taɓawa ba ni yi."

Ya gyara rawani. "Hwaɗa mata ni ba ni buɗa ma ɗiyar hwari baki. Ban yi ba tun tana goye, ba yanzu za ni hwara ba. Ta koma wurin aikinta."

Ta yi magiya, Inna ta sa baki, ya yi kunnen uwar shegu da su. Da ta ga ba ci, sai ta bar masa magani na kwana bakwai, ta ce a sha har ya ƙare. Ta kuma kira wani abokin aikinta namiji a Birnin Kebbi, ya ce a kawo shi ko yaushe. Malam Ummaru ya ce to, in albasa ta shiga rumbu. Magani kuwa ya sha na kwana biyu, da zogi ya lafa ya ba maƙwabcinsa sauran, don shi ma yana fama da nasa haƙorin, kuma ai ba a hana maƙwabci abin alheri.

Ranar kasuwar Jega ya rako albasarsa. Motar ta wuce ta ƙofar asibitin da 'yarsa take ciki da farar riga da kayan aiki a dafe, bai ko waiga ba. Wurin Murtala ya nufa. Aminullahi ne ya kasa haƙuri, ya shigo mata ofis da azahar ya ce, "Yaya, an cire ma Baba tsutsa. Guda tara anka hiddo."

Bushira ba ta san lokacin da ta ja mayafi ba. Ta sami Murtala a bayan rumfunan hatsi, mutane sun yi layi a rana. Shi Murtala da can kwandastan mota ne, ya koyi sana'ar a wurin wani baƙo cikin sati biyu, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba, alfahari ma yake yi. Ta tsaya ta kalli aikin. Zai gasa guntun ƙarfe a garwashi, ya ɗora shi kan dutse a tsakiyar kwanon ruwa, ya sa ɗan kakide, ya barbaɗa wani baƙin abu daga cikin layar fata, ya kife da ƙwarya mai huda. Mai ciwo ya sa kara a baki ya zuƙi hayaƙin ta gefen haƙorin. In an ɗaga ƙwarya sai ga wasu 'yan farare sirara, a lanƙwashe, suna yawo a ruwa. Jama'a su yi salati. Ɗumin hayaƙin ya ɗan kwantar da zogi, mai ciwo ya tashi yana godiya.

Ta sa hannu a kwanon ta tsamo ɗaya, da ɓawonsa baƙi a maƙale. Ba sai da digiri ba. Ita da ta tashi tana sussukar wannan abin a tsakar gida, tana sheƙe shi a faifai. Irin albasa ne. Zafin ƙarfe ke fasa shi, ɗan farin tsiron da ke ciki ya yi tsalle ya faɗa ruwa.

"Malam Murtala, wanga irin albasa na," ta ce. "Ka ji tsoron Allah. Babu wata tsutsa cikin haƙori."

Murtala ya yi murmushi. "Hajiya likita, ke da naki asibiti, ni da nawa. Mutanen ga da idonsu sunka gani."

Aka kuwa taso mata. Wani ya ce baƙin ciki ne, an rage mata kasuwa. Wata tsohuwa ta ce 'yan boko ba su yarda da komai ba sai allura. Abin da ya fi ƙona mata rai, rabin mutanen layin manoman albasa ne. Mutanen da in ka rufe musu ido ka zuba musu iri a tafi za su gaya maka na bana ne ko na bara. An ƙona musu shi a gaban hancinsu, an ce tsutsa ce, sun ce na'am.

Daga kasuwa ba ta koma asibiti ba, Kashin Zama ta wuce. Ta shiga ɗakin Inna ta kwance ƙullin irin da Malam Ummaru ya ajiye na baɗi. Ta gasa bakin tsohuwar fartanya, ta kawo kwanon ruwa da ƙwarya, ta ajiye a ƙofar zaure inda zai gani. Ta barbaɗa, ta kife, ta ɗaga. Ga su nan fal, sun fi na Murtala yawa, kuma ba bakin kowa a wurin.

Malam Ummaru ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya sa yatsa ya tsamo ɗaya, ya murza.

"Iri na," ya ce da Inna a hankali. "Na gane shi. Yaron ga ya cuce ni."

"To Baba, ka bari in duba yanzu."

Ya saki irin cikin kwanon. Ta zaci an gama. Sai ya ce, "Hwaɗa mata ta yi gaskiya. Amma maganata tana nan. Gobe Aminullahi shi kai ni Birni wurin wancan namijin."

A nan ne Bushira ta yi nata kuskuren, kuma ba ta taɓa neman a yi mata uzuri ba. Rawanin ya ɗan zame, ta ga kumburin ya bar kunci ya sauko ƙarƙashin muƙamuƙi. Ta san abin da hakan ke nufi, ta fi kowa a ƙaramar hukumar nan sani. Da a asibiti ne, da wani tsoho ne daban, da ta daka masa tsawa ta sa an ɗauke shi a ranar, ko yana so ko ba ya so. Amma a ƙofar zauren nan ba likita ba ce. Kunyar da take zagi ita ma a cikinta ta girma. Ta kasa miƙa hannu ta taɓa wuyan ubanta. Ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya kai mu goben, ta sake barin magani.

Goben ba a tafi ba. Hadari ya taso daga gabas, ga albasa a shanye a fili, in ruwan fari ya taɓa ta aikin shekara ya ruɓe. Malam Ummaru ya ce babu inda za shi sai an kwashe, ya kuma riƙe Aminullahi a gona. Bushira ta kira ya fi sau goma, Inna na cewa da sauƙi, ya ce jibi. Ruwan ma bai sauka ba, iska ce kawai ta yi ta watse.

Jibin da hantsi Aminullahi ya kira ta, ya ce ta zo da mota. Ta same shi a zaune a tsakar gida, an jingina shi da turmi, don in ya kwanta numfashi ɗaukewa yake. Babu rawani. Wuyan ya cika ya haɗe da haɓa, ya yi tauri kamar itace. Harshe ya taso, miyau na zuba a rigarsa, mutumin da ko tari ba ya yi a gabanta. Da ya gan ta bai nemi Inna ba. Ya dube ta, ya ɗaga hannu ya nuna bakinsa.

Ta durƙusa ta kunna 'yar fitilarta. Ta ce, "Buɗa, Baba." Ya yi ƙoƙari. Ta ga jijiyar goshinsa ta miƙe, hawaye ya fito masa don azaba. Muƙamuƙin ya riga ya ƙage. Ko yatsanta ɗaya bai shiga tsakanin haƙoran ba. Ta haska ta gefe, ta haska ta ƙasa, ba ta ga komai ba sai harshe.

Suka ɗauke shi a zaune. Ta yi masa allurar da take da ita, ta riƙe kansa a kafaɗarta, tana kiran Birnin Kebbi a shirya ɗakin tiyata, don yanzu sai an tsaga wuya an buɗe hanyar iska. Sun wuce Jega, sun wuce ƙofar asibitinta. Ba su kai Kalgo ba numfashin ya tsaya. Ta sa direba ya tsaya, ta yi duk abin da aka koya mata a bakin titi, rana na dukansu. Aminullahi ne ya riƙe hannunta ya ce ta bari haka.

Wurin zaman makoki ta ji abin da ya kusa sa ta tashi ta bar gidan. Mata na shigowa suna cewa Allah ya jiƙan Malam, mutum mai kunya, har ya koma ga Allah bai zubar da girmansa ba. Wata ta ce ai uwar tsutsar ce ta gudu ta shige wuya, da an koma wa Murtala karo na biyu da ya kamo ta. Bushira ta yarda kwana ne ya ƙare, ba ta jayayya da wannan. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne yadda kowa ya wanke hannunsa da wannan maganar, har da masu hannu dumu-dumu. Ta rubuta ƙara a kan Murtala ta kai inda ya dace, aka karɓa aka sa a fayil. Ranar kasuwa ta zagayo, yana nan a bayan rumfunan hatsi, layinsa bai ragu ba.

Bayan addu'ar bakwai ta koma aiki. Mutum na uku da ya hau kujerarta wani dattijo ne daga Sarandosa, turmin ƙasa na hagu ya ruɓe, kunci ya fara tasowa. Ta ce ya buɗe, ya buɗe ba musu. Ta yi masa allura, ta jira ta kama, ta girgiza haƙorin ta zare shi da saiwarsa duka, ta danna auduga ta ce ya cije. Ba da niyya ba idonta ya kai ga agogon bango. Daga allura zuwa auduga, minti goma sha biyu ne. Dattijon yana ta sa mata albarka da auduga a baki, ita kuwa haushin da ya taso mata a lokacin ya fi na ranar mutuwar, kuma har yau bai sake ta ba.